Muryar Innar Hafsi da Na Goge

Ba zan faɗi sunana ba. A Anka Mai Caji ake kirana, waɗanda suka san ni sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Samari nake so su karanta wannan, musamman masu zama bayan tebur da kwamfuta suna tura wa mutane waƙa da fim da gem a memori, domin a kan irin wannan teburin na lalace.

Ni ɗan Adabka ne, ta ƙasar Bukkuyum. Gidanmu gidan noma ne, gero da dawa da 'yan awakin Inna. Ban yi nisa a boko ba, amma tun ina ƙarami duk rediyon da ya mutu a unguwa ni ake kawo wa. Da na tasa sai na koma Anka, na kama rumfa kusa da tasha, na sayi ƙaramin janareto, ina cajin waya ina gyara. Ba na shaye-shaye, ba na caca, ba na fashin salla. In ka bar mini wayarka ka tafi ƙauye, za ka dawo ka same ta yadda ka bar ta. Wannan shaidar ita ce jarina, kuma ita na fara cinyewa.

Lokacin da haƙar zinari ta kankama a Bagega, kuɗi suka shigo hannun mutanen da ba su saba riƙe su ba. Saurayi zai fito daga rami duk jikinsa ƙasa, ya tsaya gaban rumfata ya ce in ba shi abin da zai ɗebe masa kewa. A wata tafiya da na yi Kano sayen kayan gyara, wani ɗan kasuwa ya nuna mini gem ɗin hannu, wato 'yar na'urar wasa, irin wanda ake buɗewa kamar littafi, ana cusa masa ɗan kaset a baya. Kaset na asali wasa ɗaya ne a cikinsa, kuma da tsada. Sai ya jawo wani daga aljihu, ya nuna mini 'yar kafa a kansa inda ake sa memori. Ya ce da wannan, duk wasan da aka kwafo daga intanet zai buɗe, ka zuba iya abin da memorin ya ɗauka. Na tambaye shi ko masu wasannin sun yarda. Ya yi dariya ya ce, "Su suna can bayan teku, kai kana Zamfara. Wa ya san da kai?"

Gaskiya zan faɗa, ban ji komai a raina ba. Abin da na kwafa bai ragu a hannun mai shi ba, haka na gaya wa kaina. Na dawo da kwali guda, kafin kasuwa ta zagayo ya ƙare. Daga nan na fara koyon ƙananan dabaru. Sai in ɗauki wasan ƙwallo ɗaya in sa masa sunaye daban-daban, jerin ya yi tsawo, mai saye ya ga kamar ya sami duniya. Babu wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi. Rashin ƙorafin nan shi ya buɗe mini ido a kan abin da ya fi wannan.

Akwai memorin bogi. A jikinsa an rubuta babba ne, in ka sa shi a kwamfuta ita ma sai ta ce babba ne, amma cikinsa ɗan ƙanƙani. Abin da ka fara zubawa yana zama lafiya. Abin da ya biyo baya bayan ya cika, sunansa kawai za ka gani a jeri, in ka buɗe babu komai. Na san wannan sarai tun ranar da na fara sayensa. Na lissafa cewa mai haƙar zinari wasannin farko zai yi ta bugawa, kafin ya kai na ƙasa ya koma garinsu ko ya yar da na'urar. Na kuma fito da wata al'ada a rumfata: in kana son babban memori, ka bar mini tsohon naka in rage maka farashi. Tsofaffin nan su ne na gaske. Sai in wanke su tas, wato in goge duk abin da ke ciki, in zuba waƙoƙi, in sayar wa wanda na san zai iya gane bogi.

A cikin masu zuwa rumfata akwai Malam Haruna, malamin makarantar sakandare ne mai koyar da kwamfuta. Matarsa Rabi 'yar Abare ce, kuma can ta yi goyon ɗiyarsu Hafsi a shekarun da gubar dalma ta yi wa yara ɓarna, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida. Hafsi ta rayu, likitoci sun yi mata magani, amma ta tashi ba ta magana sosai, hannunta yana rawa, abin da aka koya mata yau gobe ya tafi. Malam ya sayi gem da kaset mai cin memori a wurina. Na ɗauka wasa yake so ya ba ta.

Bayan wasu watanni ya dawo, ya zauna a bencina ya ce, "Mai Caji, taho ka ga abin da ni da Rabi munka yi."

Ya kunna na'urar. Babu ƙwallo, babu faɗa. Hoton akuya ya fito, muryar mace ta ce, "Akuya." Ya danna, tukunya ta fito, muryar ta ce, "Tukunya." Ruwa, tabarma, gero, wata, haka dai. In yaro ya zaɓi hoton da ya dace da kalmar, sai muryar ta yi 'yar dariya ta ce, "Yauwa, Hafsi!" Shi ya haɗa manhajar da kansa a kan wata tsohuwar kwamfuta, Rabi kuma ta yi ta maimaita kalmomin a waya yana ɗauka. Ya ce Hafsi ba ta kula kowa in ana koya mata, amma in na'urar ta yi magana da muryar Innarta, sai ta maimaita.

"Allah shi gafarta Malam," na ce, "wanga abu ai kuɗi ne."

Ya girgiza kai. "Ba na saidawa ba ne. Ka kwafa ka aje. Duk uban da yaz zo da ɗa irin Hafsi, ka tura mashi kyauta. Ka yi alkawali?"

Na yi alkawari, hannuna a ƙirji. Ban cika shi ba ko sau ɗaya. Na cire sunan Malam daga shafin farko, na riƙa ce wa iyayen da ke zuwa daga Bagega wani abu ne da likitocin waje suka zo da shi don buɗe bakin yara, na ɗora masa farashi na musamman. Uba zai tsaya gabana da yaro a kafaɗa, yaron yana dalalar da miyau, ya kwance bakin aljihu ba tare da ya yi ciniki ba. Ni kuma in karɓa.

Ba a jima ba wasu suka fara tambaya, wace ce Hafsi da na'urar ke kira? Wani ya ce ɗansa Musa ne, don me za a riƙa ce masa Hafsi? Na ga tambayar nan za ta tona mini asiri, domin babu likitan waje da zai san wata Hafsi. Ga shi kuma muryoyin suna cin wuri a memori, wurin da zan iya zuba wasannin faɗa. Sai na buɗe kwamfutata na goge jakar muryoyin gaba ɗaya, har daga kwafin da nake turawa. Na ci gaba da sayar da hotuna bebaye. Na ce wa iyaye su riƙa faɗin sunayen da bakinsu, haka likitoci suka tsara.

Rabi ta rasu a wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Na je gaisuwa, na zauna a tabarma, na yi addu'a tare da kowa. A damina mai zuwa ruwa ya zubo ta rufin ɗakin Malam a kan tsohuwar kwamfutarsa, ta mutu, wayar da aka yi ɗaukar muryar kuwa an daɗe da sace ta. Abin da ya rage na muryar Rabi a hannunsa shi ne ɗan memorin da ke cikin kaset ɗin Hafsi.

Ranar wata kasuwa da hantsi ya zo rumfata, mutane cike, janareto yana ta ƙara. Ya kwance memorin daga cikin hankici. Ya ce yarinyar tana yawan zare shi tana sawa a baki, yana tsoron ya lalace. Yana son sabo mai kyau, babba, a mayar da komai a ciki, don ya ƙara mata wasu hotunan.

Ina da na gaske a cikin akwati a ƙarƙashin tebur. Hannuna ya wuce shi ya ɗauko na bogi. Ba don ina ƙin Malam ba. Na riga na saba ne, har hannun ya daina tambayata. Kuma na yi yadda nake yi wa kowa: na fara cika memorin da wasanni don ya ga na yi masa kyauta, sannan na tura kayansa a ƙarshe. Ni da na san inda abin ƙarshe yake faɗawa a irin wannan memorin.

Ya leƙo ya ce, "Ka tabbata ta shiga duka?"

Na juya masa kwamfutar. "Malam, duba da idonka. Ga akuya, ga tukunya, ga sunayensu nan reras."

Na'urar tana gida wajen Hafsi, ba a raba ta da ita, don haka ba mu gwada ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki tsohon, na ce masa ai ƙa'idar rumfa ce, tsohon nawa ne, shi ya sa na rage masa. Ya janye hannu ya ce, "To, kai ai na gida ne." Kafin azahar na wanke memorin, na cika shi da waƙoƙi, na sayar wa wani baƙo mai aikin injin niƙa dutse, wanda ban san sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Washegari Malam ya dawo, Hafsi tana riƙe da gefen rigarsa, na'urar a ɗaya hannun. Ta ɗora ta a kan teburina ta danna. Akuya ta fito, sai wani huci kamar rediyon da ya ɓata tasha. Ta sake dannawa. Ta kara na'urar a kunne, ta girgiza ta, ta dube ni ta ce, "Inna." Ba kuka take yi ba. Tana dai gaya mini abin da ya ɓace ne, don ta ga ni ne mai gyara.

Malam ya ce in ba shi tsohon. Na ce na sayar. Ya ce in buɗe kwafin da ya ba ni in ajiye. Na yi ƙarya na ce ƙwayar cuta ta shiga kwamfutar. Ya ce, "To, waɗanda kat tura ma mutanen Bagega fa? Mu tai mu roƙi guda." A nan ƙarya ta ƙare mini. Na gaya masa na goge muryoyin tun tuni, na gaya masa dalili. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki na'urar ya miƙa wa Hafsi, ya ce, "Mu tai gida." Na bi shi da kuɗinsa a hannu, bai waiwayo ba.

Kada ku ɗauka a ranar na tuba. Na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi, daga baya na koma sana'ata. Har na faɗaɗa, na fara kai wa 'yan kasuwar Gummi memori da kaset a sari, kusan duka bogi. Su suka kawo ƙarshena. Wani mai ɗaukar hoto ya zuba hotunan bikin mutane a ɗaya daga ciki, suka ɓace, dangin ango suka kusa fasa masa shago. Shi ya kama wanda ya sayar masa, wancan ya nuna ni. Suka haɗu suka kai ƙara, 'yan sanda suka kwashe kayan rumfata, aka gwada memorin a gaban alƙali, ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa. Aka same ni da laifin zamba, aka tura ni gidan yari. Na ji labari masu ƙarar sun je wajen Malam Haruna don ya zo ya ba da shaida, ya ce musu, "Mi alƙali zai maido mani?" Bai zo ba.

Ba zan tsawaita a kan gidan yari ba. Akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, akwai tuwon da ba ka son dubawa kafin ka ci. Ɓarayin shanu suna yi mini dariya suna cewa ni ɓarawon iska ne, tunda abin da na sata ba a iya riƙe shi a hannu. Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni zuwan Innata ne. Tsohuwa ta hau babur daga Adabka a kan hanya marar kyau, ta canja mota, ta iso da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ta zauna tana kallon ƙasa ta ce, "Ni ban san mi a memori ba. Amma an ce mani muryar mamaciya kag goge, ɗiyarta na nema. Gaskiya ne?" Na ce gaskiya ne. Ta ce, "To, kurkukun ga ba shi biyan wannan." Ta ture mini ƙullin, ta tashi.

Tun daga ranar na fara tunani irin na ɗan kasuwa, amma a kan wani abu daban. Ba ranar da Malam ya ba ni manhajar na goge muryoyin ba. Na sayar da wasu kafin nan, da murya a ciki. Na riƙa kwanciya ina tuno fuskokin iyayen da suka fara saye, da ƙauyukan da suka ce sun fito.

Da aka sake ni, ban sake buɗe rumfa ba sai da na ari babur na shiga neman kaset ɗin farko masu murya. Hanyoyinmu yanzu ba lafiya, wani ƙauyen ma an watse, ka je ka tarar da kango. Inda na sami mutane, sai na fara da gaya musu ko ni wane ne da abin da na yi musu. Wani ya kore ni da sanda. Wata uwa ta ce, "Ashe kai ne. Ɗan da nis sai ma abin ya rasu, ka zo ka amshi mi?" Mafi yawan kaset ɗin an yar, ko an goge an zuba fim. Na sha dawowa hannu wofi.

A wani ƙauye bayan Bukkuyum na sami wata mai sayar da ƙosai da ta ajiye kaset ɗin jikanta a cikin gwangwanin madara, tare da allura da zare. Na'urar ta daɗe da fashewa. Memorin ya yi tsatsa a baki. Ban kankare tsatsar da komai ba, ban gwada shi a hanya ba, na naɗe shi a auduga na kai Anka. Na kwafe abin da ya yarda ya fito a kan memori na gaske, na kuma kwafa a wani, na sake kwafa a wani.

Na tarar da Malam a ƙofar gida bayan la'asar, furfura ta fito masa. Na durƙusa na miƙa. Ya ce, "Mi ne ne wanga?" Na ce ya gwada. Ya aika aka kira Hafsi. Ta zama budurwa, ta kusa kamo shi a tsawo, tana tafe da tsohuwar na'urar da aka ɗaure da roba. Ashe duk shekarun nan ba ta yarda an yar da ita ba.

Malam ya sa memorin. Hoto ya fito, muryar Rabi ta ce, "Akuya." A hankali Hafsi ta ce, "Akuya." Ta danna, tukunya ta yi magana, ruwa ya yi magana. Tabarma da wata da wasu da dama huci kawai suka yi, tsatsa ta cinye su. Sannan ta shiga wajen zaɓe, muryar ta ce gero, ta taɓa hoton gero daidai. Ta ɗaga na'urar kusa da kunne tana murmushi, tana jira.

Babu abin da ya fito. "Yauwa, Hafsi" yana cikin waɗanda suka lalace.

Ta sake zaɓa daidai, ta sake jira. Malam ya dube ni ya ce, "Na gode da wanga. Na yahe maka nawa. Nata kuwa, ba ni ad da shi ba."

Yanzu na koma gyaran waya da caji. Ba na tura wasan da ba nawa ba, kuma duk memorin da zan sayar sai na cika shi a gaban mai saye na buɗe abin ƙarshe ya gani. Ribar ba ta kai ta da ba, amma ina cin abincina.

Ku samari masu wannan sana'a, ku ji daga wanda ya yi ta har ƙarshe. Ban fara da cutar maraya ba. Na fara ne da kwafar wasan wani mutum da ban taɓa gani ba, na ce babu wanda ya yi asara. Daga nan na cuci baƙo, na ce ba zai dawo ba. Ranar da mutumin da ya kira ni na gida ya zauna a bencina, hannuna ya riga ya koyi aikinsa. Duk memorin da aka miƙo muku, ba ku san abin da ke cikinsa ba a wajen mai shi. Kada ku wanke sai kun tambaya. Kada ku ce ya shiga sai kun buɗe kun ji.

Ina kuma da roƙo. In akwai tsohon kaset ɗin gem a gidanku, a ƙasar Anka ko Gummi ko Bukkuyum, wanda in an kunna yake nuna akuya da tukunya, don Allah kada ku goge shi. Ku kai wa kowane mai gyaran waya a tashar Anka, ku ce na Mai Caji ne. Kalma biyu nake nema a ciki. Hafsi tana nan tana zaɓa daidai, tana jira.